Rabin Jarfar Hannuna

Ku matso kusa ku ji, don ba zan iya ɗaga murya ba, maƙogwarona bai dawo daidai ba tun ruwan da ya dake ni shekaranjiya. Ni da kuka sani, wadda ko suna ake a layinmu sai an aiko sau biyu kafin in nemi takalmi, ni ce na yini a Sabon Gari ina naɗe hannun riga ina nuna wa mazan da ban sani ba. Autata ce ta ja mini.

Tana karatu a Turkiyya, kuma duk abin da ke duniya ba ta ga na bincike ba sai zanen da tsofaffin mata ke yi a jiki. Wai a ƙauyukan can akwai tsofaffi masu zane a haɓa da bayan hannu, da allura da baƙin tukunya aka yi musu. Ta ce mini da Turanci sunansa tatu, da harshen mutanen can kuma wani abu kamar dobme, wai daga duka kalmar ta fito, ko alkamar da aka surfa haka suke kiranta. Na ce sun faɗi gaskiya, duka ne. Na ce to da Hausa fa? Ta ce ba ta sani ba. Na ce jarfa ake cewa, ke da aka kai ki bayan teku kika san sunan abu da harshe biyu ba ki san na uwarki ba.

Ina da jarfa a sangalin hannuna na hagu. Doguwar sanda ce mai ɗan lanƙwasa, da reshe biyu a sama. Ina shekara bakwai aka yi mini, a shekarar da mahaifiyata ta rasu, lokacin muna kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Sabon Gari. Goggona, wadda ta ɗauko ni ta riƙe ni a Samaru, kuma yanzu ni ke riƙe da ita a ɗakin baya, ita ta gaya mini giginya ce, alamar garin kakanninmu. Haka na gaya wa 'ya'yana. Ita kuma auta ta ɗauki maganar ta rubuta babi guda a kanta. Sai malaminta ya ce bai yarda da labarin uwa da kaka kaɗai ba, sai ta kawo shaidar wanda ya san sana'ar, da muryarsa, kafin ranar Alhamis da za ta tsaya gaban malamai. In babu, a cire babin, ta ƙara shekara, kuma masu ɗaukar nauyinta ba sa ƙara wa kowa shekara. Ta yi mini kuka a waya. To me zan ce?

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabciyata, malamar firamare ce da ta yi ritaya, Malama muke ce mata, mutuniyar kudancin Kaduna, shekara ashirin katanga ɗaya ke tsakaninmu. Ita ke da waya mai ɗaukar murya da kyau, ita ce kuma ta san gari. Na ɗauki filas na kunu, da lema, da dardumar salla, da maganin jiri. Maigidan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, ya ce, "Hajiya, fasfo fa? Kada a tsare ki a iyakar Palladan." Ban kula shi ba. Goggo ce ta ba ni mamaki. Tsohuwar da ba ta tashi sai hantsi, sai ga ta zaune a bakin gado tana cewa ina za ni a wannan damina, wanzaman da suka san jarfa duk sun mutu, in zauna in huta. Na ce Goggo, karatun jikarki ne. Ta juya fuska bango.

Motar da muka samu a bakin titin Samaru, Allah ya ba mai ita lafiya, ita ma ya ba ta. Ƙofar da igiya aka ɗaure. Kujerar mutum uku aka jera mu huɗu, kwandasta na cewa a gyara, a gyara, kamar akwai wani wuri da muka ɓoye a aljihu. Kuɗin mota kuwa da ya faɗa sai da na ce ya maimaita, don rabona da hanyar nan tun ana biya da canji. A bayanmu wasu ɗalibai mata biyu suna hira, kalma ɗaya Hausa biyu Turanci, har na rasa ko faɗa suke ko shiri.

Kafin Palladan na ba Malama labarin kalmar tatu. Ta ce ai ta san ta tun kafin a haifi autata, amma ba a jiki ba. Marigayi mijinta makaɗin badujala ne a soja, kuma wasan da suke yi da yamma, ganguna da ƙaho da fareti, mutanen gari na kallo, shi ma tatu suke ce masa. Na ce su Turawan nan kalmomi ne suka ƙare musu? Ta ce, "Maman Turkiyya, ki bar Turawa, ki riƙe filas ɗinki, kunu na zuba a zanena."

Palladan ta cika ta batse. Inda na sani gonar dawa, yanzu shagunan tayil ɗin daɓen ɗaki ne da na gyaran waya. A Kwangila muka sauka a ƙarƙashin gada, cikin caɓi da hayaƙi da masu kiran Kano da Funtuwa, kowa na jan jakata kamar shi ya saya mini. Muka shiga Keke. Malama ta ce wa mai Keken muna neman masu zanen jiki. Ya ce ya sani sarai, mu kwantar da hankali.

Ya kai mu wani shagon aski a cikin Sabon Gari, kiɗa na tashi kamar za a tsaga bango. Mai shagon ƙato ne, hannayensa biyu duk zane, ga zaki, ga agogo, ga fuskar wata mata. Turancin Broka yake yi, Malama na juya mini. Mutumin kirki ne, ya kashe kiɗan, ya ba ni kujera. Da na naɗe hannun riga ya duba, ya duba, ya ce wannan aikin ba a gama shi ba, amma in ina so zai ƙarasa mini da injinsa, ya sa fure a sama, zai yi mini ragi saboda na yi kama da mamarsa. Na ce Malama ki gaya masa giginya ce, kuma a game take. Ya ɗaga kafaɗa. Na ja hijabina muka fito, raina a ɓace. Ni da ko a gidan biki ba na bari a ga hannun nan tun da malamai suka fara wa'azi a kan zane, ga shi na fara da mai zaki.

Daga nan muka kutsa kasuwa. Ku da kuke zuwa kullum, Allah ya ƙara muku haƙuri. Mai baro ya taka ni, mai kifi ta watsa mini ruwa, wani ya bi ni da maganin ɓera tun daga layin 'yan atamfa har layin 'yan hatsi. Coci na waƙa a dama, masallaci na gwada lasifika a hagu, Yarabawa da Inyamurai na ciniki da Hausar da ta fi ta ɗaliban motar nan. Mun tambayi masu lalle, suka ce su nasu na wankewa ne. Mun tambayi mai sayar da kayan gargajiya, ya ce in kawo hannun ya gani, ya gani ɗin, ya ce bai sani ba. To me ya sa ka ce in nuna? Wata mai daddawa ce ta ce mu je bakin layin dogo, akwai wata bishiyar ɗurumi da wanzamai ke zama.

Kafin mu je sai da muka zauna muka ci waina da miyar taushe a wata rumfa, don yunwa ta fara cina. Wainar ta yi, ba zan ci amanarta ba, sai dai ƙanana ne kamar an auna da murfin kwalba. Malama ta ƙara da alala. Ni kuwa ina ci ina kallon tsofaffin gidajen kwatas daga nesa, jan kwano duk ya yi tsatsa, ina neman wanda aka haife ni a ciki. Ban gane shi ba.

Wanzamai uku muka tarar a gindin ɗurumin, kowa da zabirarsa a gefe, ɗaya na yi wa wani dattijo ƙaho a ƙeya. Muka gaisa, na yi bayani, na sake naɗe hannun riga. Babbansu, wanda suke kira Sarkin Aska, ya sa tabarau ya duba ba tare da ya taɓa ba. Sauran biyun suka leƙo. Sai na ga sun kalli juna, ɗaya ya sunkuyar da kai yana gyaran askar da ba ta buƙatar gyara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mene ne sunan zanen?"

Ya ce, "Hajiya, ba aikin gidanmu ba ne."

Na ce na ji, amma ai ido ya gani. Ya ce a sana'arsu kowane gida da wanzaminsa, kuma wanzami ba ya fassara aikin da wani ya yi, ko mai shi ya mutu, sai dai a je gidansa. In ya faɗi suna ya kuskure, ya ci mutuncin mamaci. In ya faɗa daidai, ya shiga gonar da ba tasa ba. Malama ta ce, "Baba, yarinya ce za ta faɗi jarrabawa a ƙasar waje." Ya ce Allah ya ba ta sa'a. Wallahi na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Tun asuba nake yawo, ga mutum ya san amsa, ga ta a bakinsa ina gani, ya ce al'ada.

Amma ya yi mana abu ɗaya. Ya ce in duba yadda tsagar ta kwanta, duk daga dama take gangarowa hagu, wannan hannun bahago ne. Kuma bahagon wanzami ɗaya aka yi a Sabon Gari a wancan zamanin, gidansa na Muciya. Ya rasu da daɗewa, ɗansa bai gaji sana'ar ba, amma matarsa na nan da rai, kuma ita ke dama masa baƙin tukunya tana riƙe masa yara. Da muka juya za mu tafi na ji ɗayan ya saki dariyar da ya daɗe yana riƙewa. Ina da kunne, na ji.

Hanyar Muciya Keke ya ƙi shiga saboda ruwa ya cinye ta, da ƙafa muka ƙarasa, muna tsallaka kwata kan duwatsun da aka jera. Takalmina ɗaya ya tsinke, Malama ta ɗaure mini da leda. Gida uku muka shiga bisa kuskure, a kowanne sai an ba mu ruwa an tambayi mutanen Samaru kamar daga Legas muka zo. Ana kiran la'asar muka sami gidan.

Tsohuwar na zaune a tabarma tana tsince wake. Ƙarama ce kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya, amma idonta garau. Abin da na fara gani hannayenta ne. Daga wuyan hannu har gwiwa jarfa ce, ta yi kore-kore don tsufa, a jere kamar saƙar tabarma. Muka gaisa, na ce Iya, ni 'yar wane ce mai duba layin dogo, uwata wance, ta rasu shekara kaza. Malama ta kunna waya. Na miƙa hannu, karo na nawa ban sani ba.

Ta riƙe hannun, ta shafa da babban yatsa, ta ɗago ta kalli fuskata. Sai ta saki wake ta fara dariya, har da tari, har sai da jikarta ta kawo mata ruwa.

Ta ce, "Ke ce! Ashe kina raye, mai haƙora!"

Na ce Iya, giginya ce ko?

Ta ce, "Giginyar wa? Ƙadangare ne, 'yar nan. Ga wutsiya, ga ƙafafun baya. Malam maigidana yana shirin ɗora gaba da kai kika kafa masa haƙori a babban yatsa, na hagun, wanda yake cin abinci da shi. Kika ƙwace kika haye katanga. Sati biyu Malam bai riƙe aska ba. Duk wanzaman garin nan sai da suka zo dubiya suna yi masa dariya."

Ta juya nata hannun ta nuna mini cikakken ƙadangare, da kai da ƙafa huɗu. Na ɗora nawa kusa da nata. Jama'a, ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne, nawa dai an tsaya a tsakiya. Shekara hamsin da wani abu ina yawo da gindin ƙadangare a hannu ina ce wa mutane garin kakannina ne. Mai zaki ma ya fi ni gaskiya.

Kunya ta rufe ni, haushi ya taso mini, na rasa wa zan ji wa, Goggo ko auta ko haƙorana. Malama ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Na ce ta kashe wayar. Iya ta ce a'a, a bar ta, ba ta gama ba.

Ta ce washegari mahaifiyata ta zo gidan da ƙwaryar fura ta ba da haƙuri, a lokacin ma ciwon ya fara cin ta, tana tafiya tana hutawa. Malam ya ce in yatsa ya warke a kawo yarinya ya ƙarasa. Mahaifiyata ta ce a'a. Iya ta ce, "Ina tsaye a nan ta faɗa. Ta ce a bar mata haka. Ta ce ni ba zan daɗe ba, kuma yarinyar da ta iya ƙwatar kanta a hannun manya uku, hankalina ya kwanta a kanta. In ta ga rabin, ta tuna ita ta hana."

Ban san lokacin da na zauna sosai a tabarmar ba. Ni ban riƙe muryar mahaifiyata ba, ban riƙe ko magana ɗaya tata ba, sai ƙamshin man da take shafawa. Ga shi a Muciya, da takalmi ɗaure da leda, wata tsohuwa ta miƙo mini maganarta guda, har Malama ta ɗauka a waya.

Sauran aikin Iya ce ta yi shi. Ta baje hannayenta Malama na ɗaukar hoto, tana faɗin suna ɗaya bayan ɗaya, wannan tsani, wannan ƙafar kaza, wannan matsefi, wannan ƙadangare. Ta faɗi yadda ake kankaro baƙin tukunya, da abin da ake dama shi da shi, da yadda 'yan mata ke zuwa ƙungiya bayan kaka kowa na cika bakin ba za ta yi kuka ba. Na ce mata a Turkiyya ma tsofaffi na da irinsa. Ta ce, "To su ma sun daina?" Na ce haka aka ce. Ta ce ko'ina dai yara sun raina ado. Na bar mata filas ɗin kunun da turaren da ke jakata, ta bi mu da addu'a har zaure.

A hanyar dawowa ruwa ya sauko, tun daga Kwangila har Samaru, kuma lemar tana can na manta ta a gindin ɗurumi. Motar da muka samu ta fi ta safe yoyo. Ina jiƙe ina lissafin abin da zan yi. Na ce wa Malama ko mu tura hotunan Iya kawai, mu yanke wurin ƙadangaren, yarinya ta riga ta rubuta babi guda, saura kwana uku. Malama ta ce, "Shekara talatin ina dukan yara a kan satar amsa, ba zan fara da tsufana ba. Kuma maganar mamanki za ki yanke?"

Ana kiran magariba muka shiga gida. Ko kaya ban canza ba na ce Malama ta tura duka, ba yanki. Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Auta ta ce, "Mama, kin kashe ni! Shafi ashirin na rubuta a kan giginya!" Na ce ni ma shekara hamsin na rubuta. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce ta saurari wurin maganar kakarta sau uku. Ta ce za ta rushe babin ta sake gini a kan muryar Iya, ko ba za ta runtsa ba sai ta kai shi Alhamis, kuma yanzu tana da abin da malaminta ya nema har da ƙari. Ta ce in ba ta izini ta sa hoton hannuna. Na ce ta sa, ai duk Sabon Gari sun riga sun gani.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Sabon Gari ba nisa gare ta ba, ni ce na mai da ita nesa. Kada ka yarda da mai Keken da ya ce ka kwantar da hankali. Kuma tsofaffin nan da muke wucewa suna tsince wake, akwai abin namu a bakinsu da ba za su kawo mana gida ba, sai mun je.

Saura Goggo. Na shiga ɗakinta da tuwo, tana kwance ta ba ƙofa baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Kun sami matar Bahagon?" Ni kuwa ban taɓa ambata mata wani Bahago ba. Nan na tuna yadda yaran layi ke tsokanata suna ce mini mai rabin zane, ina dawowa da kuka, marainiya sabuwar zuwa, da ranar da Goggo ta ɗora ni a cinya ta ce wannan ba rabi ba ne, giginyar garinmu ce, duk Samaru ba mai irinta.

Na ce, "Mun same ta, Goggo. Tana gaishe ki."

Sai ta ce, "Giginya ce dai."

Na ce, "Giginya ce, Goggo. Tashi ki ci tuwo."

Na gaya wa 'yata gaskiya, na bar wa Goggo tata. Malama ta ce rabin aiki na yi, kamar hannuna. Ku fa, da ku ne kuka shiga ɗakin nan da kwanon tuwo, me za ku ce mata?